Dajin aro ba ya rufe ganuwa

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Hausa ya san cewa daji iri biyu ne kacal 'yan fim ɗinmu suke da shi. Akwai dajin rawa, wato lambun nan mai furanni ko bakin ruwan Tiga, inda saurayi da budurwa za su yi ta zagaye bishiya har minti bakwai. Sai kuma dajin boka, inda ake samun gindin wata tsamiya a bayan gari, a ɗaura mata jan ƙyalle, a turnuƙe wurin da hayaƙi, a sa wani ya yi ta ɓaɓɓaka dariya. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau an sauya kyamara, an bar kaset an koma faifai, an bar faifai an koma YouTube, amma dajin yana nan yadda yake. Labule ne kawai da ake ratayawa a bayan ɗan wasa. Ba ya faɗa wa ɗan kallo a wace ƙasa ake, ko a wane wata, ko me ya taɓa faruwa a wurin.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan wata shi ne, akwai wani kayan aiki da ya shigo hannun matasa, wanda zai iya gyara wannan al'amari ko kuma ya ƙara dagula shi. Shi ne abin da ake kira injin wasa, wato manhajar da ake gina wasannin kwamfuta da ita. A cikin hotunan da masu koyon wannan sana'a a duniya suka fi sha'awar ginawa akwai guda da ya yi fice: birnin da mutane suka watse suka bari shekaru aru-aru, kurmi ya cinye shi, saiwoyi sun nannaɗe ƙarafa, ga wasu na'urori na zamanin da bai zo ba kwance cikin ciyawa. To, ranar da ɗan Zazzau zai zauna ya gina irin wannan hoto da birninsa, wane daji zai shuka a Ƙofar Doka? Namu ko na aro?

Shi injin, mene ne aikinsa?

A zanen kwamfuta irin na manyan finafinai, hoto ɗaya tak yakan ci awoyi kafin na'ura ta gama fitar da shi, alhali daƙiƙa ɗaya ta fim tana buƙatar hoto 24. Injin wasa kuwa dole ne ya zana hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, nan take, domin mai wasa yana iya juyawa dama ko hagu duk sa'ar da ya ga dama. Wannan sauri shi ya ja hankalin 'yan fim. A 2019 masu shirin The Mandalorian suka tsayar da 'yan wasansu a tsakiyar wani makeken bango na allunan hoto, injin Unreal na kamfanin Epic Games yana zana hamada da duwatsu a bayansu, yana juya hoton daidai da motsin kyamara. Fiye da rabin zangon farko na shirin a haka aka ɗauke shi, ba tare da an fita lokeshin ba.

A Afrilun 2022 aka saki Unreal Engine 5 da sababbin dabaru biyu. Ɗaya ita ce Nanite. Kowane abu a kwamfuta da ƙananan siffofi masu kusurwa uku ake ɗinka shi, kuma da can sai mai gini ya yi ta rage yawansu da hannu don kada na'ura ta gaji. Nanite ita ke rage su da kanta gwargwadon nisan abu daga idon mai kallo. Ta biyu ita ce Lumen, mai lissafa yadda haske ke dukan bango ya dawo kan ƙasa, ta yadda in ka matsar da rana inuwa za ta bi ta nan take. Ɗalibi da ƙaramin kamfani kyauta suke sauke injin. Ke nan ƙofa a buɗe take ga yaron Tudun Wada kamar yadda take a buɗe ga na Landan.

Yadda ake shuka daji a kwamfuta

Ba bishiya ɗaya-ɗaya ake dasawa ba, don da haka ne da sai mutum ya tsufa bai gama kadada goma ba. Da farko ana fasalta ƙasa: tudu, kwari, rafi. Sai a tara kaya, wato samfurin bishiyoyi da duwatsu da ciyayi. Yawancin masu kyan ana samun su ne ta hanyar ɗaukar abu na gaskiya hoto ɗaruruwa ta kowace fuska, manhaja ta harhaɗa su ta fitar da siffarsa. Daga nan sai a rubuta wa injin ƙa'idoji: wannan bishiya kusa da ruwa take fitowa, waccan ciyawa ba ta son inuwa, gansakuka sai gefen da ke da laima. Injin sai ya watsa su bisa ƙa'idar. A ƙarshe a sa haske da hazo da sauti.

Kamfanin Guerrilla Games na Amstadam ya nuna gwanintar wannan a wasan Horizon Zero Dawn na 2017, inda wata yarinya mai suna Aloy ke farautar dabbobin ƙarfe a Amurka bayan kimanin shekara 1,000 da rushewar duniyarmu. A can, na'ura ce ke jera ciyayi da bishiyoyi a kewayen mai wasa yayin da yake tafiya. A Maris ɗin 2023 kuma Epic ta nuna wani kurmi da ta kira Electric Dreams, mai faɗin kilomita 4 ta kowane gefe, wanda wani ɗan fili mai mita 200 kawai aka gina da hannu, saura duk ƙa'ida ce ta haife shi.

Mai karatu ya lura da abu guda a nan. Injin bai san daji ba. Abin da aka faɗa masa shi yake maimaitawa. In mai ginin ya san dalilin da ya sa ɗorawa ke tsayawa a tsakiyar gona kanya kuma ta fi son bakin rafi, dajin zai fito da rai. In bai sani ba, injin zai ninka masa jahilcinsa sau dubu cikin daƙiƙa guda, kuma da kyakkyawan haske.

Abin da ya sa nake yaba wa Horizon ke nan, duk da cewa labarinsa ya cika surutu a wasu wurare. Kufan da ke cikinsa na garuruwan Kolorado ne na gaskiya, itatuwan kuma na duwatsun yankin ne, har wanda ya san wurin zai iya gane su. Haka The Last of Us na 2013: ka ga ciyawa ta tsaga kwalta daga inda ruwa ke kwanciya, ka ga yaɗo ya bi bango daga ƙasa zuwa taga. Tsiron yana ba ka labarin shekarun da suka wuce tun da mutane suka gudu, ba sai wani ya buɗe baki ba. Ko James Cameron da ya ƙagi dajin wata duniya a Avatar na 2009, sai da ya nemi shawarar wata farfesar ilmin tsirrai ta Jami'ar Kaliforniya, Jodie Holt. Mutumin da ke ƙirƙirar ƙarya zalla ke nan, amma ya san ƙarya ba ta zama sai an kafa ta a kan gaskiya.

A nan gizo ke saƙar

Rumbun kaya mafi shahara a wannan fage shi ne Megascans na kamfanin Quixel na ƙasar Suwidin, wanda Epic ta saya a 2019, ta kuma bar shi kyauta ga masu amfani da Unreal har zuwa ƙarshen 2024. Kaya ne masu ban sha'awa ƙwarai: duwatsun Aisilan, jan dutsen hamadar Amurka, kututture mai gansakuka, itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura. Amma je ka nemi rimi ko ɗorawa ko maje a irin waɗannan kasuwanni, ko katangar tubali da aka shafe da makuba. Da wuya ka dace. Kuka kam za ka iya samu, domin Turawa na son hotonta.

To me yaro mai sauri zai yi? Zai ɗauki abin da ya tarar. Zai zana ƙofar gari mai zanko, ya lulluɓe ta da gansakukar Turai, ya zuba mata hazo shuɗi mai sanyi, ya rubuta Zazzau a ƙasa. Mu kuma mu tafa, mu ce yaro ya iya kwamfuta. Wannan ita ce dai cutar da ta kama industiri tun zamanin kaset, lokacin da aka riƙa ɗauko labarin fim ɗin Indiya sukutum a sa masa hula da ɗankwali. Da can waƙa da rawa muke arowa, yanzu har ƙasa da bishiya za mu aro. Kayan aro kuwa, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Darasin fim ɗin Amina

Mun riga mun ga ɗanɗanon abin da ke faruwa idan wani ya riga ka zana gidanku. A Nuwamban 2021 Netflix ta saki fim ɗin Amina, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu kuma ya fito a Ɗanjuma. A gaskiya an kashe kuɗi, an yi aikin kyamara mai tsabta, dawaki da mayaƙa sun cika ido. A 2022 ya ci kyautar fim mafi fice a gasar AMVCA, har da ta tsara wuri. Ba na cikin masu cewa don darakta ba Bahaushe ba ne ba shi da ikon taɓa labarin. Labarin Amina na kowa ne, kuma su kansu masana tarihi ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, wasu na cewa na 15 wasu na 16.

Inda na tsaya shi ne wurin. Mutane sun yi ta ƙorafi kan cewa da Turanci aka yi yawancin maganar fim ɗin, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ƙasar ma ba ta jin Hausa. Fagen faɗan da aka nuna ya fi tuna wa mutum finafinan Rumawa. Garin da aka gina zai iya zama kowane gari a kowace ƙasar baƙar fata da mai tsara fim ya taɓa gani a mafarki. Matar da har yau ake kiran tsofaffin ganuwowi da sunanta, ya kamata a ce ganuwa da dutse da bishiyar ƙasarta suna cikin manyan 'yan wasan fim ɗinta. Wanda ya kalla a Burazil ko Koriya yanzu wannan ce Zazzau a wurinsa. Kuma fim na awa biyu ne. Wasan kwamfuta kuwa mutum kan shafe awa 40 ko 50 yana yawo a cikinsa lungu-lungu, har ya haddace hanyoyinsa kamar unguwarsu. Wanda ya fara gina Zazzau a injin wasa shi zai yanke wa duniya kamanninta na tsawon lokaci.

Yadda birnin ƙasa ke mutuwa

Yanzu bari mu yi aikin da mai ginin ya kamata ya yi. A ce mutanen birni sun watse, daga Kwarbai har Limancin Kona ba kowa, an shekara 200. Me za a tarar?

Abu na farko, hoton nan na dogon bene da yaɗo ya nannaɗe ba namu ba ne. Siminti da ƙarfe su ke tsayawa su jira tsiro ya hau su. Ginin ƙasa ba ya jira. Ruwan da ke sauka a Zariya a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, kuma abin da ke riƙe da gidan ƙasa shi ne hannun mai gida: yaɓe kafin damina, shafen makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to in babu mai ɗakin fa? Indararo zai toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, rufin ya jiƙe ya yi nauyi ya rufta. Daga nan ruwa ya samu kan katanga yana ci daga sama, feshinsa yana ƙwaƙule gindinta daga ƙasa. Gara ta cinye ƙyaure da duk wani katako, sai azara da aka tsago daga giginya ita ce za ta daɗe tana turjiya. Kafin jikan mai gidan ya tsufa, gidan ya zama tsibin ƙasa. Ƙasar ma a hankali za ta gangara ta koma kududdufin da aka haƙo ta tun farko.

Saboda haka kufan Zazzau ba zai zama dogayen bangaye ba. Tuddai ne za a gani jere-jere inda gidaje suke, da kwaruruka inda lunguna suke, da kududdufai cike da kainuwa da bado. Ganuwar da tsawonta ya haura kilomita 10 za ta zama doguwar kunya mai bishiyoyi a kanta. A ƙasa kuma sai tsingaro da dutsen niƙa da bakin rijiya da ramukan marina. Wanda ke shakka ya je Turunku ko gindin Kufena ya ga yadda tsohon mazauni ke komawa. Gani ya kori ji.

Abu na biyu shi ne su wa za su gaji garin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ceɗiya da durumi da gamji, waɗanda tsuntsaye da jemagu ke kai 'ya'yansu cikin tsaga, saiwarsu ta bi ta farke ginin. Su ne za su kama gine-ginen bulo da siminti. Tafasa da tumfafiya za su fara mamaye fili, gamba ta biyo baya har ta shanye tsayin mutum. Darbejiya kuwa, wadda ba ta shigo Nijeriya ba sai a 1928 ta ƙasar Barno, ita za ta fi kowa rawar kai, don ba ta da wuyar tsiro. Ka ga bishiya guda ta zama agogo: in ta fito a fim ɗin zamanin Amina kuskure ne, in kuma babu ita a Zazzau ta shekara 200 masu zuwa, shi ma kuskure ne.

A saman kowa kuma sai rimi. Birnin da ke da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza ba ya buƙatar aron wata bishiyar mamaki daga Pandora. Dubi gindinsa mai fukafukai kamar katangu, wanda mutum zai iya ɓuya a tsakaninsu. Dubi yadda yake fure da dare a lokacin sanyi jemagu su yi masa dafifi, daga baya 'ya'yansa su fashe audugarsa ta riƙa yawo a iska. Wallahi mai ginin da ya iya sa audugar rimi ta tashi a kan kufan Babban Dodo ya sami hoton da babu shi a wani wasa a duniya.

Abu na uku, ƙasarmu ba ta rufaffen kurmi ba ce. Wutar daji da ke bin busasshiyar ciyawa da rani ita ke hana itatuwa haɗewa, shi ya sa masu kaurin ɓawo irin su kaɗanya da ƙirya da maje suka fi jurewa. Kurmi mai duhu sai a bakin ruwa, wato a bi Kubanni da Galma da Saye. Ga ƙa'idar da za a rubuta wa injin ke nan, ba sai an je nesa ba: kusa da rafi duhu da yaɗo, nesa da shi sarari da ciyawa da suri, kan tsohon mazauni kuka da rimi da tsamiya.

Daji biyu, haske biyu

Wani abin da dajin aro ba zai taɓa ba mu ba shi ne shekara. Dajin Electric Dreams kore ne kullum, jiƙaƙƙe kullum. Namu kuwa biyu ne a wuri guda. A watan Agusta ko'ina shar, hadari na tasowa daga gabas baƙi ƙirin, kwaɗi sun cika kududdufi da kuka. A watan Janairu kuka ta tuɓe ganye, ciyawa ta zama ruwan ƙasa ko ta ƙone, hazo ya rufe Kufena, rana ta zama kamar farin faifai da za ka iya kallo da ido. Hasken hunturu ba shi da inuwa mai kaifi, kuma ƙura ce ke cikinsa, ba raɓa ba. Wanda ya bar hazon injin yadda ya same shi, shuɗi mai laima, ya kai mu wata ƙasa ko da kuwa duk bishiyoyinsa daidai ne.

Ga darakta mai tunani, wannan kyauta ce. Labari zai iya farawa da zuwan shamuwa ya ƙare da tashin wutar daji. Hanyar da jaruma ta bi da rani a sarari, in ta dawo da damina ta tarar gamba ta rufe ta. Haka kunne ma yana da haƙƙi: kukan kurciya da hantsi, gyare da dare, ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin ƙafa. Mun gaji da jin tsuntsayen Turai suna kuka a dajin fim ɗin Hausa saboda mai tace sauti ya ɗauko su daga faifan da ya zo da kwamfutarsa.

To ina kimiyyar?

Wani zai ce ai ƙagaggen labarin kimiyya ba namu ba ne. Wannan bai san tarihin garin ba. A Zariya ne kamfanin NNPC ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi sararin samaniya, shekara takwas kafin Star Wars ya fito. Kayan da za a watsa cikin kufan ma ga su nan birjik: turakun sadarwa da suka fi rimi tsayi, faifan sola a kan rufin kwano, gangar jikin Keke Napep, layin dogo a Sabon Gari, ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964. Kada kuma a manta da leda. In dai ana son gaskiya, mai tonon kufanmu nan gaba zai sha ganin baƙar leda da ta fiya wata kafin ya kai ga tsingaro. A kan waɗannan sai mai labari ya ɗora nasa, ko na'urori ne masu kiwon kansu a fadamar Galma, ko wata al'umma da ta koma kan Kufena da zama.

Wani kuma zai ce tunda ƙirƙira ce, me ya hana ni sa kurmin Kongo a Ƙofar Gayan? Ba abin da ya hana, amma ka biya kuɗinsa a cikin labari. In ka ce yanayi ya sauya ruwa ya ninka, to ka sani ganuwarka ta narke tun tuni, kuma kaɗanya ta ba wasu wuri. Hannah Beachler, wadda ta tsara ƙasar Wakanda a Black Panther na 2018 har ta ci Oska, sai da ta haɗa kundi mai shafi kusan 500 kan tarihi da gine-ginen ƙasar da babu ita. Mu da tamu ƙasar ke nan a ƙarƙashin ƙafarmu, wane uzuri gare mu?

Uzurin da na yarda da shi shi ne na wuta da kuɗi. Unreal na son kwamfuta mai ƙarfin katin hoto, sauke shi kaɗai na cin data mai yawa, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Amma rabin aikin da na zayyana ba ya buƙatar ko soket. Ido yake so da ƙafa da littafin rubutu. Akwai Blender da Godot, kyauta ne kuma ba su kai shi nauyi ba. Akwai manhajar RealityScan da ke mayar da hotunan waya siffa. Ilmin ma a ƙofar gida yake: cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, sashen tsirrai da na zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaliban Nuhu Bamalli, ga kuma tsofaffin magina da maharba da masu maganin gargajiya a cikin birni, waɗanda suka san sunan kowane tsiro da inda yake fitowa. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda. Abin kunya ne a ce ya fi jikokin masu sunayen ƙwazo.

Kuma a garin nan ne a 1958 wasu ɗaliban zane, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarar Bature amma da idon gida za su yi zane. Sunansu ya zaga duniya saboda haka. Abin da ake nema ga mai injin wasa ke nan, ba ƙari ba ragi.

Riba biyu

Akwai dalilin da ya fi fim girma. Ganuwa tana ƙarewa a kan idonmu, wani wurin ruwa ya ci, wani wurin an ɗebi ƙasarta, wani wurin an yi gini a kanta. Gidajen ƙasa masu bakan gizo da zanen bango ana rushe su ana sa bulo. Babban masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Da Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, bai bi irin waɗannan gine-gine ya auna su ya zana ba, da ba a sami kwafin masallacin da aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos ba.

Duk matashin da ya ɗauki waya ya zagaye ragowar ganuwa a Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Tukur-Tukur, ko gindin wani tsohon rimi, ko zauren kakansa, ya mayar da su siffa a kwamfuta, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ya sami kayan fim ɗinsa, ya kuma ajiye wa na baya abin da wataƙila ba za su tarar ba. Sai dai a yi shi da ladabi. A nemi izinin mai gida da mai unguwa kafin a ɗaga kyamara, a kuma san cewa akwai wuraren ibada da maƙabartu da ba a mayar da su fagen wasa.

Ga furodusoshinmu kuma, masu cewa ba su da kuɗin gina gari, ga dama ta zo. Rumbu ɗaya na bishiyoyinmu da katangunmu, in an haɗa kai an gina shi, zai yi wa finafinai hamsin aiki, na tarihi da na tatsuniya da na kimiyya. In kuwa muka tsaya jiran wani kamfani daga Turai ya zo ya ɗauki rimin Zazzau hoto, to zai zo, kuma da dala za mu saye shi a hannunsa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.